Ra'ayinmu: Icen da ya kafu, a ba shi ruwa ko a ƙyale shi?

Da zarar hunturu ya wuce, zafin bazara ya sauka a ƙasar Adar, sai gardamar nan ta dawo a bakin rijiyoyi da cikin garake: icen da ya riga ya kafu, sai an ci gaba da ba shi ruwa? Masu cewa a'a suna da hujja mai ƙarfi, kuma tana nan tsaye a kan tuddan Keita.

A 1984, ana tsakiyar fari, aka soma aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, a hannun hukumar FAO, hukumar samar da abinci ta duniya, PAM, kuma tana sallamar ma'aikata da abinci. Mata ne suka fi yawa a aikin, domin maza da dama sun tafi cin rani. Cikin shekara kusan 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Ba a shayar da wannan adadi da bokiti. Ruwan sama aka tare: aka haƙa ramuka a gangaren duwatsu, aka jera dutse a kan fako, aka datse ƙoramu, har ruwan da ke gudu yana kwashe ƙasa ya tsaya ya nitse. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da jami'an gandun daji suka soma jera dogon yaro layi bibbiyu don tare iska, kuma damina da danshin kwari ne suka raine shi. Gawo kuwa saiwarsa tana nitsewa har ta tarar da ruwan ƙasa, shi ya sa yake kore shar da rani.

Masu garka a kwarin Tarka, wajen Madawa, ba su yarda da wannan ba, kuma muna ganin ba su yi kuskure ba. Mangwaro da lemu baƙi ne daga ƙasashen Asiya masu yawan ruwa, ga shi ruwan shekara a nan 'yan watanni kaɗan yake yi ya ɗauke. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Mangwaron da ya tashi kusa da fangalin albasa, ruwan albasar yake sha, don haka saiwoyinsa suna bazuwa a sama-sama inda danshin yake. Ranar da aka cire albasa aka kashe injin ban ruwa, shi ma an yanke masa, kuma daidai lokacin ne zafi ke haura maki 40, 'ya'yansa suna neman cika. Sai su yi ta zuba ɗanye, mai garka ya ɗora laifin a kan iska. Ko dogon yaro bai tsira ba: a farkon shekarun 1990 an ga yana bushewa daga sama a sassan Nijar, kuma ƙarancin danshin ƙasa na cikin dalilan da masana suka ambata.

Sai dai masu ba da ruwan ma suna ɓarna. Bokiti ɗaya kullum a gindi ba ya kai wa saiwoyin da ke sha, domin su suna can wajen bakin inuwa. Lemu ma jiƙar gindi ruɓar da shi take yi, har ka ga yana fitar da ƙaro. Mangwaro yana son ya ɗan ji ƙishi kafin ya yi fure. Idan aka cika masa ruwa a farkon hunturu, ganye zai bayar. Kuma kowane bokiti akwai wadda ta ja shi da guga, galibi yarinya ce.

Hukuncinmu shi ne a raba itatuwan gida biyu. Gawo, aduwa, magarya, bagaruwa da dakwara, in sun kafu, a bar su da damina. Abin da suke bukata shi ne a gyara ramukan tare ruwa kafin ruwan farko, a tsare su daga gatari. Mangwaro, lemu da gwaba kuwa, komai tsufansu, a shayar da su daga lokacin da suka ɗaura 'ya'ya har damina ta sauka. A zagaye su da kwari a bakin inuwa, a cika shi har ruwan ya nitse sosai, a rufe da kara ko busasshen ganye nesa da gindi saboda gara, sannan a bari ƙasa ta sha iska kafin a sake.

Mahukuntan garuruwan Keita, Buza da Madawa kuma muna da magana da su. Dashen da ake yi ranar 3 ga Agusta bai kafu ba tukuna, kuma rani biyu ko uku na farko ne ke kashe shi. Duk hukumar da za ta sayi dashe bana, ta ware kuɗin shinge da na ruwa tun yanzu, ta kuma rubuta sunan wanda zai kula da kowane layi.