A Faɗa wa Yaro Kafin a Ɗaure Kaya

Da wuya a sami malamin aji a Ƙaramar Hukumar Wudil, daga Achika zuwa Darki da Utai, wanda bai taɓa kiran sunan ɗalibi a rajista ya ji shiru ba, kwana uku, mako guda, har wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai sun tafi Makka." Babu sallama, babu takardar canjin makaranta. Iyayen sun daɗe suna shiri, amma wanda tafiyar za ta fi girgizawa shi ne na ƙarshen ji.

Barin gida ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a da mata da 'ya'ya zuwa Sudan, kuma garin da suka kafa a bakin Kogin Nilu yana nan da sunansa. Fatauci ya kai kakanninmu Gwanja, aikin hajji a ƙafa ya bar wasu a hanya shekara da shekaru. Yau hanyoyin ne suka sauya. Malaman jami'ar da ke nan Wudil suna fita ƙaro karatu, wasu da iyalansu. Gwamnatin Kano ta sake buɗe tura ɗalibai Indiya da Yuganda a 2023. A watan Fabrairun 2023 kuma Ingila ta ba malaman Nijeriya masu koyar da wasu darussa, irin su lissafi da kimiyya, damar neman shaidar koyarwa a can. Wato cikinmu ma akwai masu duba fasfo. Ba mu ga laifin kowa ba. Wanda ya san albashin malamin firamare ba zai tare wa abokin aikinsa hanya ba.

Abin da muke ƙorafi a kai shi ne al'adar ɓoye tafiya. Mun san dalilanta, kuma ba na banza ba ne. Ana tsoron baki, ana gudun kunya idan biza ta ƙi fitowa, ana gudun tulin saƙonni da roƙo. Duk wannan ya isa hujjar ɓoye wa unguwa. Bai isa hujjar ɓoye wa yaro ɗan shekara tara ba. Babba shi ya zaɓi tafiya, ya auna riba da hasara, ya yi istihara. Yaro kuwa tashinsa aka yi da asuba aka sa a mota. Ya bar kakarsa da yake kwana a ɗakinta, da abokin da suke zama benci ɗaya, da malamin allon da ya kai shi izu biyar, da akuyar da aka ce tasa ce. A idon babba waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma su ne duk abin da yaron ya mallaka. Mu da muke karɓar yaran ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki mun san yadda abin yake bayyana ko da tsakanin gari da gari ne: mai surutu ya koma shiru, mai haƙuri ya fara faɗa, wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari. Ina ga wanda zai sauka inda ba ya jin harshen kowa?

Ra'ayinmu shi ne, da zarar biza ta fito a zaunar da yaro a gaya masa, kuma a gaya masa gaskiya. Kada a ce masa "yanzu za mu dawo" alhali shekara uku za a yi. Yaron da aka yaudara sau ɗaya a kan babban al'amari yakan daɗe bai sake yarda da maganar manya ba. A bar shi ya yi kuka, ya yi tambaya, ya je ya sallami waɗanda yake so, ya zaɓi abu ɗaya da zai tafi da shi.

Sannan a sanar da shugaban makaranta, ko a asirce ne. Wannan ba don karamci kaɗai ba ne. Yaro yana bukatar takardar canjin makaranta, da sakamakon jarrabawar zangunan da suka wuce, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da katin rigakafi. A duba kuma sunan da ke fasfo ya yi daidai da na takardun, domin mu nan Muhammadu da Mamman duk mutum ɗaya ne, amma a wurin ma'aikacin wata ƙasa mutum biyu ne. A Ingila da shekarun haihuwa ake sa yaro a aji, don haka ranar haihuwar da aka rubuta da ka tana iya jefa shi ajin da ba nasa ba. A Jamhuriyar Nijar zai tarar da Faransanci, a Saudiyya da Larabci. Ga masu niyyar shiga Saudiyya da bizar umara su zauna kuwa, gara su ji daga bakinmu: yaron da ba shi da iƙama, ƙofar makarantar gwamnati a rufe take gare shi.

Akwai kuskuren da iyaye masu ilimi suka fi yi, wato daina Hausa a gida wai don yaro ya yi saurin kama Turanci. Harshen waje yaro zai tsince shi a makaranta da filin wasa ko an so ko an ƙi. Na gida shi ne mai zubewa. A yi masa Hausa, a ware ranar da zai riƙa gaisawa da kakarsa ta WhatsApp, domin galibin masu tafiya za su dawo, wasu ma ba da shiri ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, 'yan Nijeriya sun fito a motoci zuwa iyakar Masar da abin da hannu ya iya ɗauka. Yaron da ya dawo haka, ba takarda, Hausarsa ta karye, mu zai tarar a bakin aji, kuma kada mu bari 'yan ajin su mai da harshensa abin dariya.

Saboda haka muna roƙon shugabannin reshenmu su sa wannan batu a taro mai zuwa, su tattauna da Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma a fitar da takardar canjin makaranta iri ɗaya, da Hausa da Turanci, wadda za a ba iyaye cikin mako guda ba tare da sun biya ko kwabo ba.