Manchester United: batun korar Amorim, ko dai an bar jaki ana dukan taiki?

 Bayan ranar Lahadi 14 ga Satumban 2025 da Manchester City ta lallasa Manchester United da ci 3 da nema, zancen ya ƙi mutuwa a fadodin shayi da gidajen kallo, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Har ƴan'uwanmu ƴan ci-rani da ke Abijan da Kwatano sun shigo cikin gardamar ta WhatsApp. A lokacin magoya bayan Man U sun rabu uku: masu cewa a kori kocin wancan lokaci Ruben Amorim yau ba gobe ba, masu cewa ƴan wasan ne ba su da zuciya, da masu cewa ciwon yana sama, wurin masu ƙungiyar. To bari mu auna maganar kowa da abin da ya faru a fili.

Masu neman a kori koci suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Amorim ya zo daga Sporting ta Fotugal a watan Nuwamban 2024. A kakar 2024/25 United ta ƙare ta 15 a gasar Firimiya da maki 42, an doke ta sau 18. Rabon da ta yi irin wannan faɗuwa tun 1974, shekarar da ta sauka rukuni na biyu. A watan Mayun 2025 Tottenham ta doke ta ci 1 da nema a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao, shi ya sa a kakar 2025/26 ba ta buga kowace gasar Turai ba. A ƙarshen Agusta kuma Grimsby, ƙungiyar rukuni na huɗu, ta fitar da ita daga kofin League a bugun fenariti, 12 da 11. Wasa huɗu na farko a Firimiya ta kakar 2025/26, maki huɗu kacal. Abin da ya fi ƙona ran magoya baya shi ne taurin kan kocin: ya kafe kan tsarin masu tsaron baya uku, ko ƴan wasansa sun dace da tsarin ko ba su dace ba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma ga tambaya: shi ne na farko? Alex Ferguson ya aje aiki a 2013 bayan shekara 26 da kofin Firimiya 13. Tun daga nan an kawo David Moyes, bai cika kaka guda ba aka sallame shi. An kawo Louis van Gaal, ya ci kofin FA a 2016, kwana biyu bayan haka aka kore shi. Jose Mourinho ya ci kofin Europa a 2017, ya tafi a ƙarshen 2018. Solskjaer ya tafi a 2021. Erik ten Hag ya ci kofi biyu, aka tsawaita mishi kwantiragi a watan Yulin 2024, aka kore shi a Oktoba, aka biya shi da mataimakansa diyyar fam miliyan 10 da ɗoriya. Amorim shi ne na shida, ban da masu riƙon ƙwarya. Mutum biyar, kowa da salonsa, babu wanda ya ɗaga kofin Firimiya. In gona guda ta ƙi ba manomi biyar hatsi, ai sai a dubi ƙasar, a daina zagin hauya.

Sai masu cewa laifin ƴan wasa ne. Nan ma akwai abin dubawa, sai dai ku lura da wani abin mamaki. Scott McTominay, wanda ake yi wa kallon ɗan cike gurbi, an sayar da shi ga Napoli a 2024. Kakarsa ta farko ya ci gasar Italiya, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. Antony, da aka mayar abin dariya a kowace fada, ya je Betis ta Sipaniya ya dawo da ƙafarsa. Rasmus Hojlund da aka ce bai san raga ba, an ba Napoli aronsa, wasansa na farko ya jefa ƙwallo. Ƙafafun nan dai su ne, ba a sake musu wasu a filin jirgi ba. Abin da ya sake shi ne gidan da suke wasa.

Wannan ya kawo mu ga maganar saye. An sayo Antony daga Ajax a 2022 kan Yuro miliyan 95, wato sama da miliyar 62 na sefa. Ku tsaya ku lissafa buhun hatsi nawa ke nan. Farkon Satumban 2025 aka sayar da shi kan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗi. Paul Pogba ya bar ƙungiyar a kyauta a 2012, aka sake sayo shi Yuro miliyan 105 a 2016, ya sake fita a kyauta a 2022. Jadon Sancho ya yi yawon aro daga Dortmund zuwa Chelsea zuwa Aston Villa. Gola Andre Onana ɗan Kamaru, da Ten Hag ya kawo daga Inter, ya tafi aro Trabzonspor ta Turkiyya a 2025. Yadda abin ke tafiya ke nan: kowane koci ya zo sai a sayo mishi mutanensa da tsada, in an kore shi wanda ya gaje shi ya ce ba su dace da tsarinsa ba, a sake buɗe jaka. A 2025 ma an kashe wajen fam miliyan 200 kan Cunha da Mbeumo da Sesko, dukkansu ƴan gaba, alhali tsakiyar fili da kowa ke kuka da ita ba a taɓa ta ba.

To wa ke sa hannu a wannan ciniki? Ba koci kaɗai ba ne. Iyalin Glazer na Amurka sun sayi ƙungiyar a 2005 da kuɗin bashi, suka ɗora bashin a kan ƙungiyar, har yau ana biyan ruwansa. A Fabrairun 2024 attajirin Ingila Jim Ratcliffe ya sayi sama da kashi ɗaya cikin huɗu, aka damƙa mishi harkar ƙwallo. Mutanensa ne suka tsawaita wa Ten Hag sannan suka kore shi. Su ne suka ɗauko Dan Ashworth ya zama daraktan wasanni, wata biyar suka rabu da shi. Su ne kuma suka ɗauko Amorim a tsakiyar kaka, sun san tsarinsa, sun san ƴan wasan da ke ƙasa ba don wannan tsari aka sayo su ba.

Ku dubi Liverpool. Jurgen Klopp ya tafi a 2024, Arne Slot ya zo, kusan ba a saya mishi kowa ba, ya ci Firimiya a kakar farko, kofi na 20, daidai da na United. Dalili, ya tarar da gida a gyare. Arsenal kuma ta ƙare ta takwas sau biyu a hannun Mikel Arteta, ba a kore shi ba, daga 2023 zuwa 2025 kaka uku a jere ta zo ta biyu. Ƴan Man U za su ce ta biyu ba kofi ba ne. Haka ne, amma tsakanin ta 2 da ta 15 akwai tafiya.

Ra'ayinmu a nan: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amorim na da nashi laifi.   Amma duk mai zaton korar koci za ta dawo da zamanin Ferguson, ya tuna kafin Amorim an gwada maganin nan sau biyar.

Kalma ta ƙarshe ga samarinmu. Waɗanda ake gardama a kansu ana biyan su ko sun ci ko an ci su. Kai da ka biya kuɗin gidan kallo daga abin da ka samu a kabu-kabu ko a garka, kada ka ƙara da zuba jika a caca don huce haushi, kada kuma ka ɓata da maƙwabcinka saboda shi ɗan City ne. A yi tsiya, a yi dariya, a sha shayi.

Ku aiko muna da ra'ayinku. Za mu saka muryoyinku a shirin wasanni mai zuwa, in Allah ya kai mu.