Wayar da manhaja ke kashewa alhali jikinta garau

A mazaɓar Yara da ke Keffi, kamar ko'ina a ƙasar nan, mai gyaran waya na iya sauya gilashi da batir da bakin caji. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne wayar da kamfaninta ya daina sabunta mata manhaja. Wata rana manhajar banki za ta ƙi hawa, kafofin da ɓarayin intanet ke bi kuwa su zauna a buɗe.

Matsalar ta samo asali ne daga yadda ake haɗa Android. An gina ta a kan Linux, manhajar da kowa ke da 'yancin dubawa da gyarawa. Sai dai kafin ta iso hannun mai saye, Google ya yi mata kwaskwarima, masu ƙera ƙwaƙwalwar waya irin su MediaTek da Unisoc sun ƙara tasu, mai haɗa wayar ma ya ɗora. Kowace waya ta zama reshen da aka yanke daga uwarsa, gyaran da ake yi wa babban Linux ba ya isa gare ta sai kamfani ya ga dama. Shi ya sa kwamfuta mai shekara 10 ke karɓar sabon Debian ko Ubuntu, wayar shekara uku kuma ta tsaya cik.

Google da kansa ya fara gyara. Daga Android 12, a 2021, ya wajabta wa sababbin wayoyi ginshiƙin Linux na bai-ɗaya. Masu aikin sa-kai na postmarketOS kuwa tun 2017 suke ƙoƙarin ganin waya ta shekara 10 tana aiki, duk da cewa wayoyin da suka iya rayawa sosai ba su da yawa, musamman masu arha da talaka ke saye. Tarayyar Turai ta bi ta hanyar doka: daga 20 ga Yunin 2025, dole a ci gaba da sabunta waya aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da ita.

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke tantance waya kafin ta shiga kasuwa. Ya kamata ta sanya sharuɗɗa biyu: a rubuta shekarun sabuntawa a jikin kwali, a kuma fitar da rubutun asali na gyaran da aka yi wa Linux, abin da lasisinsa ya riga ya wajabta. Idan rubutun ya fito, ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi zai sami inda zai soma raya wayar da kamfani ya yasar.