Raddi ga Masu Lissafin Tara Ƙuri'u a Takarar Shugabancin Najeriya

Tun bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 wata hujja ta samu gindin zama a bakin masu sharhin siyasar Najeriya. Sakamakon da hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana ya ba Bola Tinubu na APC ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar na PDP 6,984,520, Peter Obi na LP 6,101,533, sai Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP 1,496,687. Masu hujjar sukan tara na mutum ukun ƙarshe, su sami 14,582,740, wato kusan kashi 61 cikin ɗari, su ce ke nan duk jam'iyyar da ta tara waɗannan mutane a inuwa ɗaya ta gama cin zaɓe tun kafin a buga takardun ƙuri'a. Maganar ta ƙara ƙarfi a watan Yulin 2025, lokacin da wasu jiga-jigan adawa suka rungumi jam'iyyar ADC ƙarƙashin shugabancin David Mark. Alƙaluman daidai suke, ba wanda zai musa su. Hukuncin da aka ɗora a kansu ne yake da rauni, kuma rauni ne mai haɗari, domin yana sa jam'iyya ta miƙe ƙafa alhali aiki na gabanta. Hujjar ta tsaya a kan da'awa biyar.

Da'awa ta farko ita ce 'yan takarar uku asalinsu 'yan gida ɗaya ne, PDP, don haka rabuwa ce kaɗai ta kayar da su. Amsar wannan tana cikin zaɓen 2019, domin a lokacin an riga an gwada abin da ake kira da a yi. Atiku ne ɗan takara, Obi mataimakinsa, Kwankwaso kuma jigo a jam'iyyar. Duk da haka Muhammadu Buhari ya sami 15,191,847, Atiku 11,262,978, tazarar kusan miliyan huɗu. Jihar Kano ta fi ko'ina fito da darasin fili. A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar, da dukan jajayen hulunan Kwankwasiyya a bayansa, Atiku ya tashi da 391,593, Buhari kuwa 1,464,768. 'Yan makonni kaɗan bayan haka, a jam'iyyar PDP ɗin nan dai, ɗan takarar gwamna Abba Kabir Yusuf ya haura miliyan ɗaya. Mutanen su ne, rumfunan su ne, alamar laima ita ce, amma fiye da mutum dubu ɗari shida da suka dangwala wa Abba ba su dangwala wa Atiku ba. A 2023 da Kwankwaso ya tsaya da kansa ya sami 997,279 a Kano. Wanda ya ɗauki wannan adadi ya zuba a lissafin wani ɗan takara daban ya yi watsi da shaidar da 2019 ta riga ta bayar.

Za a iya cewa Buhari ne ya shiga tsakani, kuma yanzu babu shi. Wannan gaskiya ne, farin jininsa a Arewa ba a taɓa ganin irinsa ba a wannan jamhuriya. Sai dai wannan amsa da kanta ta rushe da'awar, tunda ta yarda cewa mai zaɓe yana duba wanda aka tsayar da wanda zai kara da shi kafin ya yanke shawara.

Da'awa ta biyu ita ce mabiyi bin jagoransa yake yi duk inda ya nuna masa. Masu faɗar haka suna da misali mai ƙarfi, kuma adalci ne a ambace shi: a 2019 jihar Anambra ta ba Atiku fiye da ƙuri'a dubu 500 saboda ɗanta Obi na kan tikitin. Amma a wancan zaɓe manyan 'yan takara biyu duk 'yan Arewa ne kuma Musulmi, saboda haka batun yanki da na addini ba su shiga ma'auni ba. A 2023 da suka shiga, jihar nan dai ba ta ba Atiku ko dubu goma ba. Ƙuri'un Obi miliyan shida sun fito ne daga dalilai mabambanta: masu ganin bayan shekara takwas na Buhari mulki ya kamata ya koma Kudu, masu jin lokaci ya yi da Kudu maso Gabas za ta ɗana, Kiristocin Filato da Nasarawa da kudancin Kaduna da tikitin Musulmi da Musulmi na APC ya ɓata wa rai, da matasan birane da suka gaji da APC da PDP baki ɗaya. Wannan rukuni na ƙarshe ya zaɓi Obi ne don ya guje wa tsofaffin 'yan siyasa, da wuya a ce masa gobe ya koma gare su ya amsa da gaggawa. Haka ma a ɗaya ɓangaren: yawancin jihohi 12 da Atiku ya ci na Arewa ne, irin su Katsina, Kaduna, Sakkwato, Kebbi, Bauchi, Gombe da Yobe, kuma babu wata shaida da ta nuna cewa waɗanda suka zaɓe shi a can za su koma ga Obi in shi aka ɗora a sama. A Kano gaba ɗaya Obi 28,513 ya samu. Ko mataimakin Atiku, Ifeanyi Okowa, yana gwamna mai ci, bai iya kawo masa jiharsa ta Delta ba, Obi ne ya cinye ta.

Akwai kuma bambancin tsari da ake mantawa da shi. A Jamhuriyar Nijar, a zaɓen 1993, Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma jam'iyyun ƙawancen AFC suka mara wa Mahamane Ousmane baya a zagaye na biyu ya yi nasara. Irin wannan tsari yana barin kowane jagora ya tsaya, ya auna nauyinsa, sannan ya yi ciniki da alƙaluma a hannu. A Najeriya ana iya cin zaɓe a zagayen farko ba tare da kai rabi ba, kamar yadda Tinubu ya ci da kashi 36.6, don haka dole a yi cinikin tun kafin zaɓe, lokacin da kowa ke ganin shi ne babba. Ko a Nijar ɗin ma ƙawancen bai daɗe ba: Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista a 1994, rikici ya biyo baya har juyin mulkin Janairun 1996.

Da'awa ta uku ita ce APC ta yi haka a 2015 ta kayar da shugaba mai ci, saboda haka hanya a buɗe take. Wannan shi ne misalin da aka fi kafa hujja da shi, shi ne kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. A 2011 Buhari na CPC ya sami 12,214,853, Nuhu Ribadu na ACN 2,079,151, Ibrahim Shekarau na ANPP 917,012. Jimillarsu miliyan 15.2, alhali Goodluck Jonathan shi kaɗai yana da 22,495,187. Da lissafin tarawa ne ke yanke hukunci, da APC ba ta da dalilin kafuwa. A 2015 Buhari ya sami 15,424,921, kusan daidai da waccan jimilla. Abin da ya sauya shi ne ƙuri'ar Jonathan ta faɗo zuwa 12,853,162. Rushewar jam'iyya mai mulki ce ta ba da nasarar, kuma tana da sanadi da aka sani. A Nuwamban 2013 gwamnonin PDP biyar suka sauya sheƙa: Kwankwaso na Kano, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Murtala Nyako na Adamawa, Abdulfatah Ahmed na Kwara da Rotimi Amaechi na Ribas. Rikicin Boko Haram da sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014 sun zubar da ƙimar gwamnati. Na'urar tantance katin zaɓe da aka shigo da ita ta rage damar kumbura alƙaluma. Bayan haka APC ta sami rajista tun Yulin 2013, kusan shekara biyu kafin zaɓe, jam'iyyun da suka kafa ta sun narke sun bar sunayensu, suka shigo da gwamnoninsu da 'yan majalisarsu. A zaɓen fid da gwani na Disamban 2014 a Legas Buhari ya sami 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, kuma waɗanda suka sha kaye suka zauna a jam'iyyar suka yi mata aiki. Duk mai son kwaikwayon 2015 sai ya kawo waɗannan sharuɗɗa gaba ɗayansu.

Da'awa ta huɗu ita ce ko wa aka tsayar zai ci, tunda jama'a sun ƙosa. A nan ne hujjar ta fi kauce wa abin da ya faru a zahiri, domin kusan duk ƙawancen da ya watse a kan sunan ɗan takara ya watse. Tattaunawar CPC da ACN ta wargaje ana saura kwanaki zaɓen 2011, a kan kujerar mataimaki. Ta LP da NNPP a 2022 ta mutu a kan wa zai zama mataimakin wa. PDP kanta ta dare ne a kan wannan batu. Kwankwaso ya fice a Maris 2022, Obi ya bi bayansa ana gab da zaɓen fid da gwani, wanda Atiku ya ci da 371 a kan 237 na Nyesom Wike bayan Aminu Tambuwal ya janye masa. Daga nan gwamnoni biyar, Wike, Seyi Makinde, Samuel Ortom, Okezie Ikpeazu da Ifeanyi Ugwuanyi, suka kafe cewa bai yiwuwa ɗan takara da shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu duk su fito daga Arewa. Ba a sasanta ba, kuma Atiku bai ci ko ɗaya daga jihohinsu biyar ba: Ribas, Oyo da Binuwai suka tafi ga Tinubu, Abiya da Inugu ga Obi. Tsarin karɓa-karɓa ba ya cikin kundin tsarin mulki, amma yana cikin zukatan masu zaɓe da na masu riƙe da jam'iyyu, har gwamnonin APC na Arewa a Yunin 2022 suka fito fili suka ce mulki ya koma Kudu. Rabuwar 2023 tana da dalilai, kuma duk lissafin da ya goge rabuwar a takarda ya bar dalilan a raye bai warware komai ba.

Da'awa ta biyar ita ce wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ne shugaba, kuma jam'iyya mai mulki za ta tsaya a kan miliyan 8.8 ɗinta. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharuɗɗa biyu: rinjayen ƙuri'a, da samun aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24. Wannan sharaɗi ya taɓa kai ƙasar Kotun Ƙoli tun 1979, a shari'ar Obafemi Awolowo da Shehu Shagari kan mene ne kashi biyu cikin uku na jihohi 19, kuma ƙuri'un Kano ne aka yi jayayya a kansu. A 2023 Tinubu ne kaɗai ya cika sharaɗin. Ko inda bai ci ba yakan zo na biyu da tazara kaɗan: a Katsina ƙasa da dubu bakwai ne tsakaninsa da Atiku, a Legas ƙasa da dubu goma tsakaninsa da Obi, a Kano kuma, duk da cewa tazarar na da yawa, ya kwashi 517,341. Arewa maso Yamma ta ba shi ƙuri'a fiye da yankinsa na Kudu maso Yamma. Ya sami wannan ne ana tsakiyar ƙarancin takardun naira da na man fetur, mutane na kwana a layin banki suna tsine wa jam'iyyarsa. Abin da ya riƙe shi shi ne gwamnoni da tsarin jam'iyya da ya ratsa ƙananan hukumomi 774. Ita ma jam'iyya mai mulki tana nata cinikin: a 2025 gwamnan Delta Sheriff Oborevwori da Okowa kansa suka koma APC, gwamnan Akwa Ibom Umo Eno ya bi su, alhali Akwa Ibom na cikin jihohin da Atiku ya ci.

Wannan raddi bai nufin haɗaka aikin banza ce, bai kuma nufin jam'iyya mai mulki ta fi ƙarfin faɗuwa. Kashi 63 cikin ɗari na waɗanda suka yi zaɓe a 2023 ba su zaɓi wanda ya ci ba, kuma tsadar rayuwa da ta biyo bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira abu ne da kowane magidanci yake ji a aljihunsa. Fushi irin wannan yana iya kayar da gwamnati. Sai dai fushi yana iya zaunar da mutum a gida ma. Cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan kashi 27 ne kawai suka fito, mafi ƙanƙanta tun 1999. Masu zaman gida sun ninka jimillar ƙuri'un 'yan takara huɗun fiye da sau biyu, kuma lissafin tarawa bai ce komai a kansu ba.

Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna damar kowace jam'iyyar adawa da shi yana da fuska huɗu. Na ɗaya, ta tsayar da ɗan takara da wuri ta hanyar da waɗanda suka faɗi za su amince su zauna, ta kuma fito fili a kan batun karɓa-karɓa. Na biyu, ta nuna jihohi 24 da za ta sami kashi ɗaya cikin huɗu a cikinsu, jiha bayan jiha. Na uku, ta mallaki wakili a kowace daga rumfunan zaɓe fiye da 176,000, mutumin da zai tsaya tun safe har a ƙirga ƙuri'a a gabansa, ya sa hannu a takardar sakamako, ya karɓi kwafinsa, ya bi shi har wurin tattarawa na mazaɓa. Na huɗu, ta gaya wa manomin da 'yan bindiga suka hana shiga gonarsa da ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata abin da za ta yi musu, da yadda za ta yi shi. Jam'iyyar da ta cika waɗannan tana da damar cin zaɓe ko da jimillar 2023 ba ta taru mata duka ba, wadda kuma ta rasa su tana iya tara manyan sunaye uku a dandamali ɗaya ta maimaita sakamakon 2019.