Taken Neman 'Yanci da Haƙƙin Mutanen Zango

Duk lokacin zaɓe, motocin haya a tashar Sofoline da ke Kumasi kan cika da hotunan 'yan takara da takensu. Ya kamata mutanen zangon Kumasi su san iyakar ƙarfin take. A 1942 Gandhi ya ce wa Turawa su fice daga Indiya. A Janairun 1950 Nkrumah ya ari salonsa na bijirewa ba makami, yana neman mulkin kai yanzu-yanzu. Taken ya tara jama'a, amma bai ce komai kan makomar ɗan adawa ba. A 1957, shekarar samun 'yanci, gwamnatin jam'iyyar Nkrumah, CPP, ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, jagororin zango masu mara wa adawa baya, zuwa Najeriya.

Wasu za su ce ai ƙasar tana tangal-tangal, dole gwamnati ta sa ƙarfi. Gaskiya ne an zubar da jini a Kumasi tsakanin CPP da jam'iyyar adawa ta NLM. Sai dai mutanen nan biyu kotu suka garzaya, suna cewa su 'yan Ghana ne, majalisa kuwa ta yi wuf ta kafa doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, aka fitar da su kafin alƙali ya yanke hukunci.