Ina Ake Shan Romo a Sakkwato Idan Ɗari Ya Kama?

Daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, birnin Sakkwato, wanda duk Nijeriya ta san shi da zafin rana, yakan sake hali. Iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da ta kwaso tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta turnuƙe gari da hazo, leɓɓa su tsage, ƙafafu su yi faso. Ma'aunin zafi, wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, sai ya sauko wajen digiri 15 da asubahin Disamba da Janairu. Mutumin Jos zai ji wannan ya yi dariya. Amma ga wanda jikinsa ya saba da ranar Sakkwato, wannan ɗari ne sosai, musamman ga ɗalibin da ke kwana a mazaunin jami'a na dindindin, kusa da fadamar Rima, inda sanyin ruwa ke haɗuwa da na iska.

A irin wannan lokaci fura da nono sukan ja baya, ciki ya shiga neman abin da ke turiri. Da safe koko da kunu da shayi ne ke sarauta, kuma babu mai gardama a kansu. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne tukunyar nama mai ruwa, wadda Bahaushe ya ba sunaye iri iri gwargwadon abin da aka zuba a cikinta. Akwai kai da ƙafa, akwai langaɓu, akwai ragadada da kayan ciki da ganda, akwai kuma na kifi da na kaza. Ruwan da suka dahu a ciki shi ne romo. Ita kuwa kalmar farfesu, wadda ta game bakin mutanen birni, masana harshe suna ganin daga Turanci aka aro ta, aka yi mata gyaran fuska har ta zama 'yar gida. Wannan abin lura ne ga ɗalibin Hausa, domin aron suna ba ya nuna cewa abincin ma aro ne. Tun kafin a ji ɗuriyar wannan kalma ake dafa wa mai jego ƙauri da yaji, har romo ya shiga cikin azancin magana. Wanda aka cika da alkawarin banza an yi masa romon baka ke nan.

Ba Bahaushe kaɗai ya gano cewa maganin sanyi tukunya ce mai tafasa ba. A ƙasar Sin akwai wani abinci wanda ma'anar sunansa ita ce tukunyar wuta. Akan ajiye tukunyar a tsakiyar teburi tana ɓararraka, masu ci su kewaye ta, kowa yana tsoma yankan ɗanyen nama ko ganye da tsinke, ya dahu nan take, ya ɗauka ya kai baka. A Beijing naman rago ake tsomawa a cikin tukunyar tagulla mai gawayi a tsakiya. A Chongqing kuwa, inda aka fi zabga barkono, ana cewa 'yan dako da ma'aikatan jiragen ruwa na bakin kogi ne suka fara abin, da tumbi da sauran kayan cikin da masu hali ba su so. Yau ya zama abincin manyan gidaje a biranen duniya. Bambancinsa da na ƙasar Hausa shi ne can mai ci ne ke dafa wa kansa, nan kuwa mai tukunya ke dafawa ya zuba. In ban da wannan, asalin ɗaya ne: leburan da sanyi ya dama, da naman da ya fi araha, da wutar da ake zagayewa.

To, ina ya kamata mai neman romo ya nufa a Sakkwato? Amsar a taƙaice ita ce, ya nufi inda zai ga tukunyar a bisa murhu da idonsa. Duk wurin da aka ɓoye wuta a bayan bango aka kawo wa mutum kwano kawai, an rage masa rabin abin da ya zo nema.

Wurin farko, kuma mafi cancanta, shi ne kewayen mahauta da kasuwar Kara. Dalilin a fili yake. Kai da ƙafa da kayan ciki ba su jure jira, saboda haka wanda ya fi kusa da inda aka yi yanka shi ya fi samun sabo. Masu tukunya a irin wannan wuri mahauta da 'yan dako da masu sayar da dabbobi suke dafa wa, watau mutanen da suka san nama fiye da kowa, waɗanda ba a yi musu rufa-ido da kwantai. Mai dafa wa mahauci ba ya wasa da tukunyarsa. Sai dai wannan romon safe ne. Ƙafar sa tana son awoyi a kan wuta kafin jijiyarta ta saki, don haka tun da dare ko da asuba ake ɗora ta, hantsi na yi kuma an sha mai kyan. Wanda ya zo bayan azahar zai tarar an ƙara ruwa, an ƙara gishiri da barkono don a rufe asirin ƙarin.

Na biyu shi ne tasha. Babbar tashar mota da ƙananan tashoshin da ake lodin Illela da Wurno da Goronyo da Isa, nan ne ake samun tukunya tun da jijjifi da kuma bayan isha'i, domin direba da yaron mota da fasinjan da dare ya yi wa ba su da gidan da za su koma su ci tuwo. Romon tasha bai kai na mahauta nauyi ba, yajinsa kuma yakan yi yawa. Amma yana da abin da wancan ba shi da shi, watau hira. A bencin mai romo ne ake jin ko hanyar gabas lafiya, da yadda aka sayar da buhun albasa a makon nan, tun kafin rediyo ya faɗa.

Na uku na masu son kifi ne, kuma shi ya fi kusa da ɗalibai. A Kwalkwalawa, bakin gadar da ake ƙetarewa zuwa jami'a, masunta suna kawo kifin Rima. Tarwaɗa ita ce ta farfesu, don namanta ba ya wargajewa da wuri, kuma ƙayarta kaɗan ce in an gwada ta da karfasa. A nan shawarar da ta fi ita ce ɗalibai huɗu ko biyar su yi karo-karo su sayi ɗanye, su nemi citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa, su ɗora da kansu. Wannan ne ma ya fi kama da na mutanen Sin.

Saura gidajen abinci na zamani masu ƙofar gilashi da ke kan manyan titunan gari. Ba a ce abincinsu ba shi da kyau ba, kuma wanda ya yi baƙo daga Ikko ko Abuja yana da uzurin kai shi can. Amma romon da aka dafa tun rana aka ajiye, sa'an nan aka ɗumama aka zuba a robar tafi-da-gidanka, kafin ɗan kabu-kabu ya kai mutum ɗaki iska ta sha shi, kitse ya daskare a sama. Mutum ya biya kuɗin kujera da fanka da fitila, alhali kuwa wuta ya zo nema.

Akwai hujjoji da ake kawowa a kan cin abinci a bakin tasha, kuma ba duka ne na yasarwa ba. Ta farko ita ce tsabta. Gaskiya ne hunturu lokacin ƙura ne, gaskiya ne kuma akwai masu wanke kwano ashirin a ruwan bokiti guda. Sai dai a lura, haɗarin ba a cikin tukunya yake ba. Abin da ya yini yana tafasa ya fi shinkafar da aka kwashe tun safe aminci, ko da a cikin gilashi aka jera ta. Haɗarin yana ga kwano da cokali da ruwan sha. Mai hankali sai ya duba ko tukunyar na da murfi, ya duba ruwan wanke-wanke, in ya ga dama ma ya zo da kwanonsa, kamar yadda yara ke zuwa da shi in an aike su daga gida.

Hujja ta biyu ta fi wuyar turewa, domin ta al'ada ce. A wurin Bahaushe, magidanci ya zauna a titi yana cin abinci zubar da girma ne, kuma tamkar tona asirin ɗakinsa ne. Malamin jami'a da ɗalibinsa zai tarar a benci yana tsotsar ɓargo, lalle zai ji nauyi. Wannan kunya tana da tushe. Amma an kafa ta ne a zamanin da kowa ke kwana a garinsu, tuwon gidansa na jiransa. Birni kuwa cike yake da baƙi da gwagware da 'yan makaranta da 'yan ci-rani, waɗanda da ma lokacin rani ne suke kwararowa daga ƙauyuka. Waɗannan ba su da girman da za su zubar ta wajen ci, sai dai yunwar da za su kashe. Inda al'adar ta fi yin tsanani shi ne kan mata. Ɗaliba ba ta iya zama a bencin tasha, ko da kuwa mace ce ke riƙe da ludayin. Ita sai dai ta aika, ko ta dafa. Wannan ya isa dalilin da zai sa masu kula da wuraren kwanan ɗalibai a ko'ina su ware wa mata masu sana'ar abinci wurin da za su hura wuta kusa da ɗakunan 'yan mata a watannin nan uku.

Amma akwai abin da ya fi duk wannan nauyi, wanda mai shan romo a birni ba safai yakan tuna da shi ba. In aka leƙa cikin tukunyar, za a ga yawancin abin da ke ciki daga gabas ya fito. Albasa da tafarnuwa da attarugu na fadamun Wurno da Goronyo ne, kuma a cikin ɗarin nan ake nomansu, manomi na tsaye cikin ruwan sanyi yana ban ruwa tun kafin rana ta fito. Ruwan da yake ba su, da yawancin wanda birnin ke sha, madatsar Goronyo ce ke riƙe da shi, wadda aka gama ginawa a kan Rima a 1984. Shanu da awaki suna bi ta kasuwanni irin su Acida kafin su iso Kara. Jar akuyar nan ta Sakkwato, wadda fatarta ta ƙetare hamada shekaru aru-aru har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, kanta da ƙafarta a gida suke tsayawa, a tukunyar mai romo. Itace da gawayin ma daga can ake ɗebo su. Ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a cikinta, a Wurno inda ya rasu a 1837, da ƙasar Raba wadda ta haifi Sardauna Ahmadu Bello, da ƙauyukanta irin su Maikujera, su ne madafin birnin Sakkwato, ko birnin ya sani ko bai sani ba.

Wannan madafi kuwa ya sha wuya a shekarun nan. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi ta ƙasar Raba, suka kashe mutane da dama, sauran suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A Satumban 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Goronyo da Raba da Wurno, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya a wasu yankuna na wani lokaci. A watan Oktoba na wannan shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo ranar da take ci, aka kashe fiye da mutum 40. Duk saniyar da aka kora daji, duk gonar albasar da mai ita ya ji tsoron zuwa, ƙarshenta a kwanon mai shan romo take bayyana. Da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya hau, sai yankan nama ya ƙara ƙanƙancewa, ludayi ya ƙara nutsewa cikin ruwa. Mai ciniki yakan yi wa mai tukunya ƙorafi, alhali ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda abin ya faɗa wa.

Saboda haka zaɓen wurin shan romo ba zancen daɗin baki kaɗai ba ne. Kuɗin da aka miƙa wa mai tukunya a bakin mahauta, kafin la'asar ya shiga hannun mahauci da mai albasa da mai itace, ranar kasuwa kuma ya hau mota ya nufi gabas. Ɗalibin da ya fito daga Maikujera ko Gandi ya fi kowa sanin wannan, domin wataƙila daga cikin wannan kuɗi ne ake aiko masa da na rajista.

Wanda ya yi niyya, to, ya yi sammako. Ya tsaya inda ya ga mahauta da kansu sun tsuguna, ya ce a zuba masa daga ƙasan tukunya inda ɓargo ya kwanta, kada ya bari a zabga masa yaji sai ya ɗanɗana tukuna. In akwai mai waina ko gurasa kusa, ya saya ya tsoma.