Jaririn da ke goye yana ji

A Wudil, kamar sauran ƙasar Kano, mai jego ba ta rasa kulawar jiki. Akwai wankan jego na kwana arba'in, akwai kunun kanwa da gasasshen nama. Amma wa yake tambayar ta abin da ke ranta? In ta daina barci, tana kuka ba dalili, ta kasa duban jaririnta, sai a ce iska ce ta taɓa ta, a nemo hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Duka da zagin miji suna cikin manyan abubuwan da ke ingiza ta can. Kuma ba ita kaɗai ke shan dukan ba. Jariri yana koyon magana ne daga fuskar uwarsa: ya yi gwaranci, ta amsa, ya sake. Uwar da tsoro ya cika wa ciki ba ta amsawa, shayarwar ma sai a hankali, yaro ya taso da firgita da jinkirin baki, gobe malamin firamare ya kira shi daƙiƙi. Kano ta samu dokar kare yara a 2023, madalla, sai dai har yanzu in mace ta yi yaji abin da ake faɗa mata a zauren gidansu bai sauya ba: "Koma ɗakinki, 'yar nan, ki yi haƙuri saboda yaranki." A awon ciki ana duba jininta da nauyinta. Ni dai da a ƙara tambaya ɗaya, bayan an rufe ƙofa: yana dukan ki?